Tsakanin Wa'azi da Gatari: Ina Kiristanci Ya Tsaya Kan Kula da Muhalli?

A watan Maris na shekarar 1967, wani masanin tarihi Ba'amurke mai suna Lynn White ya buga maƙala a mujallar Science, wadda har yau malaman coci ba su gama amsa ta ba. 'Yan shafuka ce kaɗan, amma zargin da ke ciki babba ne. Cewa ya yi ɓarnar da ɗan Adam yake wa ƙasa da ruwa da iska daga aƙida ta samo tushe tun kafin a ƙera injina, kuma aƙidar ita ce Kiristanci irin na Yammacin Turai. A ganinsa addinin ya koya wa mutum cewa shi daban ne, sauran halittu kuwa ba a yi su ba sai don hidimarsa. Kafin zuwan addinin, in ji shi, mutanen Turai sun yi imani kowace bishiya da kowane idon ruwa na da aljanin da ke tsaronsa, sai an nemi izini kafin a ɗaga gatari. Da aka kawar da wannan tsoro, sai gatari ya samu sake. Abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne White ba maƙiyin coci ba ne, mai zuwa sujada ne. Bai kuma ce a yar da addini ba. Ya ce tunda ciwon daga nan ya taso, a nan za a nemo maganinsa.

Wani zai ce ina ruwanmu da gardamar Turawa. To, Kiristoci sun haura biliyan 2 a duniya, kuma a Najeriya su ne kusan rabin jama'a. Daga Jos zuwa Kudancin Kaduna, daga Gombe zuwa Adamawa, har da wasu unguwannin Maraɗi, da Hausa ake wa'azi ranar Lahadi, kuma tun 1932 ake da Littafi Mai Tsarki cikakke cikin harshen nan. Abin da ake faɗa wa waɗannan mutane game da ƙasa da itace da ruwa yana shafar kowa, har wanda bai taɓa taka ƙofar majami'a ba, domin rafi ɗaya ake sha, daji ɗaya ake shiga.

Ayar da masu zargi suka fi riƙewa tana cikin babi na farko na Littafin Farawa, inda aka ɗora mutum bisa sauran masu rai, aka ba shi iko a kansu, aka ce ya yaɗu cikin ƙasa. Wanda ya karanta ta ya rufe littafi zai iya cewa an ba shi lasisin yin yadda ya ga dama. Amma babi na biyu ya sa mutumin nan cikin gonar Aidan da aiki iri biyu, noma da tsaro. Idan kuma aka shiga dokokin Musa, za a tarar da abubuwan da ko gwamnatocin yau ba su da ƙarfin halin zartarwa. Babi na 25 na Littafin Firistoci ya ce a noma gona shekara shida, a ta bakwai a bar ta ta huta, irin abin da kakanninmu suke yi idan sun bar gona ta zama saura. A babin nan ne aka hana sayar da ƙasa sayarwa ta har abada, bisa hujjar cewa ta Allah ce, mutane baƙi ne a kanta. A Maimaitawar Shari'a an hana mayaƙa sare itatuwa masu 'ya'ya ko da sun kewaye garin abokan gaba. An hana wanda ya tsinci sheƙar tsuntsu ya haɗa uwa da 'ya'ya ya kwashe. An hana sa wa sa takunkumi yayin da yake sussukar hatsi. Alkawarin da aka yi bayan ruwan Tufana bai tsaya kan Nuhu da zuriyarsa ba, ya haɗa da dabbobin da suka fito daga jirgi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙarshen Littafin Tarihi na Biyu, inda aka fassara kai Isra'ilawa bauta Babila da cewa ƙasa ce take karɓar shekarun hutun da aka hana ta. Wato har bashi ƙasa take bi. A Sabon Alkawari kuma, Bulus ya rubuta wa Romawa cewa halitta duka tana cikin wahala tana jiran fansa tare da mutum.

Idan aka haɗa waɗannan, matsayin mutum a littafin ya fi kama da na wanda aka ba aron gona. Zai noma, zai ci, zai ciyar da iyali, ba mai hana shi. Amma bai isa ya sare gawon da ya tarar a ciki ba, bai isa ya sayar ba, kuma ya san ranar da mai ita zai zo ya zagaya. Musulmi mai karatu ba zai ji baƙon abu a nan ba, domin maganar halifanci da amana ke nan, kuma malaman Musulunci sun fitar da tasu sanarwar kan sauyin yanayi a Istanbul cikin watan Agusta na 2015.

To ashe White ƙarya ya yi? A'a. Abin da ke rubuce daban, abin da aka aikata da sunansa daban. Tarihi ya nuna cewa wajen shekarar 723 wani ɗan mishan mai suna Boniface ya sare wata babbar bishiya da arnan Jamus suke bauta wa, don ya nuna musu ba abin da za ta iya. An maimaita irin wannan a Afirka ba sau ɗaya ba. Kurmin tsafi, wanda ba mai shiga da gatari ko ya yi farauta a ciki, shi ne gandun dajin gargajiya a garuruwa da yawa, kuma sau da dama a cikinsa idon ruwan gari yake. Da mutane suka tuba, sai sare kurmin ya zama shaidar bangaskiya. Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa a 1977 ta kuma samu lambar Nobel a 2004, makarantar 'yan mishan ta yi, amma ba ta ɓoye takaicinta ba kan yadda aka zubar da darajar itatuwan ɓaure da mutanenta Kikuyu suke girmamawa. A yi adalci, ba Kiristanci kaɗai ya yi haka ba. Duk addinin da ya zo da tauhidi ya yaƙi tsafi, kuma ba kullum ake tunawa a maye gurbin tsohon tsoro da sabuwar doka ba.

Inda White ya zarce shi ne ɗora wa addini ɗaya laifin da kowa ya yi. An cinye dazuzzukan Sin da na Girka ba tare da wa'azin kowane fasto ba. Tarayyar Sobiyet, wadda ta yi watsi da addini a hukumance, ita ta karkatar da koguna zuwa gonakin auduga har tekun Aral ya ƙafe, jiragen kamun kifi suka kwanta kan yashi. Kwaɗayi bai da ɗariƙa.

Duk da haka zargin ya yi amfani, don ya tashi shugabannin coci daga barci. A 1979 Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana Francis na Assisi, wanda ya rasu a 1226, a matsayin waliyyin masu kula da muhalli, kuma shawarar da White ya bayar ke nan tun farko. A 1989 shugaban cocin Otodoks da ke Istanbul, Dimitrios, ya ware 1 ga Satumba don addu'a saboda halitta. Magajinsa Bartholomew ya ƙara gaba a 1997, inda ya bayyana a Kalifoniya cewa lalata daji da gurɓata ruwa zunubi ne. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mai bi, domin zunubi tuba yake bukata, kuma ba a tuba ana ci gaba da aikatawa. Ɗariƙar Angalika ta sa kiyaye halitta cikin manyan ayyukan bishara tun 1990, kuma a 2023 cocin Ingila ya yanke shawarar janye jarinsa daga manyan kamfanonin mai.

Wadda ta fi yin amo ita ce wasiƙar Fafaroma Francis mai suna Laudato Si', da ta fito a watan Yuni na 2015, 'yan watanni kafin yarjejeniyar Paris. Ƙarfinta shi ne ta ƙi raba maganar muhalli da maganar talaka. Ta ce wanda bai ci ribar masana'antu ba shi ne yake fara shan ambaliya da fari, don haka ƙasashe masu arziki bashi ne a kansu. Ta soki al'adar saye a yar, ta kuma nuna shakku kan cinikin takardun izinin fitar da hayaƙi. 'Yan siyasar Amurka da dama ba su ji daɗi ba. Jeb Bush, ɗan Katolika da ke neman takarar shugaban ƙasa a lokacin, ya ce shi ba daga wajen Fafaroma yake karɓar manufar tattalin arziki ba. Ni kuwa inda nake da ja da wasiƙar wani wuri ne daban: ta yi saurin wanke yawan haihuwa daga matsalar. Gaskiya ne yaro ɗaya a Amurka yana cin abin da yara da yawa ba su ci a Sahel. Amma duk wanda ya ga yadda gado yake yayyanka gona a karkarar Kano ko Maraɗi, har ta kai ba mai iya barin saura ko ta shekara guda, ya san akwai tambayar da ba za a tsallake ba.

Kada a ɗauka bakin Kiristoci ya zo ɗaya. Akwai masu riƙe da wasiƙar Bitrus ta biyu, inda aka yi maganar ƙonewar duniya a ranar ƙarshe, suna cewa me za a yi da gyaran gidan da za a rushe, a ceci rayuka kawai. Amsar da 'yan'uwansu suke ba su mai sauƙi ce: jiki ma mutuwa zai yi, amma ba wanda ya gina asibitoci a ƙauyukan Afirka kamar 'yan mishan. Akwai kuma wa'azin arziki, wanda ya yi ƙarfi a biranenmu, inda ake auna albarka da mota da gida da jirgi. Wanda aka koya wa haka da wuya ya ji daɗin huɗuba kan wadar zuci. Sannan a Amurka, lokacin da shugabannin Ebanjelika 86 suka sa hannu kan kiran a ɗauki mataki game da ɗumamar yanayi a 2006, wata ƙungiya, wadda daga baya ta ɗauki sunan Cornwall Alliance, ta tashi tana cewa hana amfani da mai da kwal zai danne matalauta ne. Ban yarda da shakkunsu kan binciken masana ba, amma wani ɓangare na hujjarsu yana da ƙamshin gaskiya. Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Matar da ta koma gawayi bayan tsadar da ta biyo cire tallafin mai a Najeriya a 2023 ba wa'azi take jira ba, abin da za ta dafa tuwo da shi take nema.

Wannan ya kawo mu inda ake gane gaskiyar magana, wato ƙasa. A tsaunukan arewacin Habasha, inda noma da kiwo suka share kusan duk dajin asali, wanda ya duba daga sama zai ga ɗigo-ɗigon kore cikin jan fili. Kowane ɗigo kurmi ne, a tsakiyarsa kuma cocin Otodoks mai siffar da'ira. Dubbai ne, wasu sun yi ɗaruruwan shekaru. Mutanen wurin suna ganin bai dace ɗakin Allah ya tsaya tsirara ba, don haka ba mai sa gatari. A waɗannan kurame ne tsofaffin irin itatuwa da tsuntsaye da ƙudan zuma suka fake. Su ma ba su tsira gaba ɗaya ba, shanu suna shiga su cinye tsiro, garma tana gutsurar gefe kowace damina. Wani masanin daji ɗan ƙasar, Alemayehu Wassie, ya zauna da limamai, aka daidaita kan abu mai sauƙi: a tsince duwatsun gonaki a kewaye kurmin da katanga. A Masvingo ta Zimbabuwe kuwa, wasu cocin 'yan ƙasa sun shigar da dashe cikin ibada, mutum ya furta laifin saran itace a gaban jama'a kafin ya karɓi Jibin Ubangiji, a miƙa masa tsiro ya je ya dasa.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Maraɗi. A farkon shekarun 1980 ƙungiyar mishan ta SIM ta aiko wani matashi ɗan Ostireliya, masanin noma, mai suna Tony Rinaudo, ya yi aikin dashen itatuwa. Ya yi ta reno yana rabawa, itatuwan suna mutuwa. Wanda rana ta bari, akuya ta cinye, wanda akuya ta bari, gara ta gama da shi. A 1983, kamar yadda shi da kansa yake ba da labari, ya tsaya a hanya don ya rage iskar taya saboda yashi, zuciyarsa ta karaya har yana roƙon Allah ya nuna masa mafita. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmusun ganye irin wanda ya saba wucewa yana ɗauka ciyawa ce. Da ya duba ganyen sai ya gane itace ne da aka sare, kututturen na da rai, saiwarsa na can ƙasa tana shan ruwa. Irinsa kuwa ga su nan birjik cikin gonaki: kalgo, sabara, magarya, gawo. Kowace bazara manomi yana sassabe su ya ƙone don gona ta yi tsabta.

Dabarar ba ta bukatar kuɗi. Manomi zai zaɓi tsiro mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar a kan kututture, ya datse sauran da wuƙa ko lauje, ya rage rassan ƙasa, ya hana dabba da wuta. Tunda saiwar ta riga ta kafu, cikin 'yan shekaru sai ga itace ya fi mutum tsayi. Amma mutane dariya suka yi masa, suna kiransa mahaukacin Bature, don a wurinsu gona mai itatuwa gonar rago ce. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona, aka bar dubban ɗaruruwa. Da rabon ya ƙare, aka sare mafi yawansu. Sai dai waɗanda suka bar nasu sun ga bambanci. Iska ta daina binne shuka da yashi, ga itacen girki a kusa, ga abincin dabbobi da rani, geron da ke ƙarƙashin gawo kuma ya fi kyau, don gawo da damina yake zubar da ganye.

Akwai wani abu da masu ba da labarin nan a coci sukan manta. A wancan lokaci itatuwa na gwamnati ne, ma'aikatan gandun daji suna cin tarar manomi a kan bishiyar da ke cikin gonarsa. Wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Sai da aka sassauta wannan, manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, sannan abin ya bazu daga gona zuwa gona. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam ya ƙiyasta kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, kuma a wasu yankunan Damagaram manoma ne suka farfaɗo da abinsu ba tare da wani ɗan mishan ba. Rinaudo ya samu lambar Right Livelihood a 2018. Shi bangaskiyarsa ce ta zaunar da shi shekaru goma sha a ƙasar da ba tasa ba, amma hannayen da suka yi aikin kusan duka na Musulmi ne. Abin da na fahimta daga Habasha da Maraɗi shi ne aƙida tana kare itace idan ta samu katanga ko doka ko amfanin da mutum zai gani a rumbunsa. In babu ɗaya cikin waɗannan, a bakin mai wa'azi take tsayawa.

Dasa itace shi ne ɓangare mai sauƙi, don ba ya ɓata wa kowa rai. Mai wuyar shi ne tunkarar masu ƙarfi. Dorothy Stang, wata 'yar Katolika mai hidimar coci, haifaffiyar Amurka, tana da shekara 73 aka harbe ta a Anapu cikin dajin Amazon na Brazil ranar 12 ga Fabrairu, 2005, saboda ta tsaya wa ƙananan manoma a gaban masu share daji don kiwon shanu. A Ghana, inda haƙar zinariya ta ɓarauniyar hanya da ake kira galamsey ta mai da kogin Pra da na Ankobra kamar kunu, limaman Katolika na Accra sun fito titi da jama'arsu a watan Oktoba na 2024 suka kai koke fadar shugaban ƙasa.

A nan gida fa? Yankin Neja Delta, inda majami'u suka fi yawa, shi ne wurin da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni kaɗai zai iya cin shekara 25 zuwa 30, kuma har yanzu ana ƙona iskar gas a sararin sama. A Filato, kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa suna nan suna cin mutane da dabbobi. Motocin gawayi suna fitowa daga dazuzzukan Nasarawa da Neja da Kaduna dare da rana. Har amsa-kuwwa ta zama abin ƙara, don a 2016 hukumar muhalli ta Legas ta rufe majami'u da masallatai da dama saboda hayaniya. Ba a rasa limamai da ƙungiyoyin da suke ƙoƙari ba, amma a ganina muryar coci kan waɗannan ba ta kai rabin ƙarfin da take yi kan zaɓe ko rabon muƙamai ba. Kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: wani lokaci mai motar gawayin ko mai ramin haƙar shi ne ya saya wa majami'a kwanon rufi.

Ga fastoci da dattawan ikilisiya, ba sai kun jira taron ƙasa da ƙasa ba. Kuna da filaye: harabar majami'a, makarantu, asibitoci, maƙabartu, gonakin makarantun Littafi Mai Tsarki. Ku zagaya ku ƙirga kututturan da ke da rai a ciki, ku hana sassabe su bana, ku kewaye. Ku tambayi Zumuntar Mata nisan da suke tafiya neman itace da nawa suke sayen buhun gawayi, domin su suka san inda abin yake ciwo. Ranar godiyar kaka kuma, idan an jera dammunan dawa da doya a gaban bagade, a ware lokaci a yi maganar gonar da ta ba da su, a gayyaci malamin gona da mai unguwa da limamin masallacin da ke maƙwabtaka da ku su zauna a ji ta bakinsu.